Dogon hutu ya zo: ina kuke kai yara ba tare da kun yi nisa da gida ba?

Maman_Sadiq:
Assalamu alaikum iyayen yara. Yau kwana tara da rufe makaranta, kuma wallahi gidan ya fara yi mana kaɗan. Yara uku gare ni: babban shekararsa goma, mai bi masa tana da shida, auta kuma wata goma sha takwas. Daga gari ya waye sai rigimar waya, wannan ya ƙwace, wancan ya fashe da kuka, kafin azahar kowa ya gaji da kowa. Maigidan bai samu hutu a wurin aiki ba, don haka zancen tafiya mai nisa bai taso ba bana. Abin da nake nema shi ne abin da za mu yi kusa da gida, a je a dawo cikin awa biyu ko uku, kuma ba sai an ɓarar da kuɗi ba. Ku da kuka riga ni a harkar nan, me kuke yi da naku? Kuma da gaske fitar na rage musu fitina, ko wahala ce kawai uwa take ƙara wa kanta?

Ummu_Amira:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Tana ragewa sosai. Ni dai abin da na gane, ba wurin ba ne, lokacin ne. In na fitar da su da sassafe suka yi gudu suka gaji, ranar gaba ɗaya lafiya muke wuni. In na bari sai yamma, to an riga an yi faɗan an gama.

Baban_Tagwaye:
Hajiya, ki fara da filin da ya fi kusa da ku, ko da ba shi da lilo ko komai. Ƙwallo ɗaya, igiyar tsalle ɗaya, tabarma da ruwan sha, shi ke nan. Nawa tagwaye ne 'yan shekara bakwai. Bara na yi ta tara kuɗi na kai su wani babban wurin wasa mai injuna, muka sha layi, muka dawo a gajiye. Da aka koma makaranta malamarsu ta ce kowa ya zana abin da ya fi burge shi a hutu, su biyun duk tsohuwar bishiyar bakin filinmu suka zana, wadda suke hawa kullum. Tun ranar na sauya tunani.

Zee_Zee:
Gidan namun daji fa? Ba wanda ya ambata. Yara suna son shi ai.

Ummu_Amira:
@Zee_Zee suna so, amma sau ɗaya ne a hutu, ko biyu. Ita tana tambayar abin da zai cike makonni ne.

MalamarFiramare:
Maman Sadiq, shekarata goma sha huɗu ina koyar da 'yan aji uku, bari in faɗa miki abin da nake gani duk lokacin da aka dawo hutu. Yaran da suke dawowa da baki cike da labari ba lallai su ne aka kai nesa ba. Su ne waɗanda wani babba ya tsaya ya kalli abu tare da su.

Ki gwada wannan. Ki sayi ƙaramin littafin rubutu ga kowane yaro, ki ce masa na bincike ne. Ku zaɓi hanya ɗaya a unguwa, wadda za ku bi da ƙafa cikin minti ashirin, ku riƙa bin ta sau biyu ko uku a mako. Kada ku canja hanyar, a nan sirrin yake. Yaro ya zana ko ya rubuta abin da ya canja: furen da jiya yake rufe yau ya buɗe, ramin tururuwa ya koma gefe, sheƙar tsuntsu ta ƙaru. 'Yar shekara shidan ki ba ta aikin ƙidaya ƙafafu. Duk ƙwaron da ta gani ta ƙirga: tururuwa shida, fara shida, malam-buɗe-littafi shida. Ranar da ta ci karo da gizo-gizo ta samu takwas, za ta zo miki da tambaya da kanta, kuma a nan za ki gaya mata ai shi ba danginsu ɗaya da sauran ba. Abin da yaro ya gano da idonsa ba ya mantawa. Babban kuma ki ba shi aikin zana taswirar hanyar, ya ƙirga taku nawa ne daga ƙofar gida zuwa kwana.

Wannan karatu ne da lissafi da kimiyya, amma kada ki kuskura ki kira shi darasi. Da zarar sun ji ƙamshin makaranta a ciki za su ajiye littafin.

Maman_Sadiq:
Malama Allah ya saka da alheri. Wannan na hanya ɗaya ya shige ni. Ni kullum tunanina sai an je sabon wuri.

Dan_Auta92:
Ni ba ni da yara tukuna, amma ku yi haƙuri in faɗi ra'ayina. Ina ganin iyayen yanzu sun cika tsara wa yara komai. Mu da muka taso ba wanda ya shirya mana fita. A bar yaro ya ji zaman banza ya ishe shi, shi da kansa zai ƙirƙiro wasa. Kwali ɗaya ya ishe mu wuni.

Uwar_Gida_Uku:
@Dan_Auta92 ƙanena, akwai gaskiya a maganarka, amma rabi ce. Lokacin da kuka taso, in zaman banza ya ishe ku waje kuke fita, kuma akwai yara goma a ƙofar gida. Yanzu in ya ishi yaro waya yake ɗauka. Sannan ba kowace unguwa ce za ka saki ɗan shekara shida shi kaɗai ba, ga motoci ga babura. Ni ma na yarda kada a cika tsarawa. Amma sai uwa ko uba ya kai su wurin da za su iya yin zaman banzan lafiya, shi ya koma gefe ya zuba ido.

Dan_Auta92:
Na karɓa Anti. Haka ɗin ma ya yi: a kai su, a ƙyale su.

Nas_Hauwa:
Ina aiki a ɓangaren yara, ku ba ni dama in sa baki ta fuskar lafiya, don tambayar Maman Sadiq ta biyu tana da amsa a wurinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 a rana yana motsa jiki irin wanda zai sa shi haki. 'Yan shekara 1 zuwa 4 kuwa minti 180 ne a warwatse cikin yini, kowane irin motsi. A jagorar da ta fitar a 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara 2 kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, ɗan 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya. Yaron da bai ƙona ƙarfin jikinsa ba dole ya sauke shi a kan ƙannensa, kuma barcinsa ba zai yi nauyi ba.

Akwai kuma maganar ido da mutane ba su cika sani ba. Yaran da suke daɗewa a waje ba su cika kamuwa da matsalar rashin ganin nesa ba. A Taiwan, inda matsalar ta yi yawa, a 2010 aka fara ƙarfafa wa makarantu su fitar da yara waje minti 120 kullum, kuma bayan haka aka ga adadin ya fara sauka bayan ya shafe shekaru yana hawa. Hasken waje, ko a inuwa kake, ya ninka na cikin ɗaki sau da yawa, kuma idon da yake girma yana buƙatarsa. Don haka ba sai an shiga rana ba, ƙarƙashin bishiya ma ya wadatar.

Sai dai a kula da zafi. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma rana ta fi ƙarfi. A ba su ruwa kafin su ce suna jin ƙishi, don yaro in wasa ya yi daɗi mantawa yake yi. Ki duba fitsarinsu: in ya yi duhu ya ragu, ruwa ya yi kaɗan.

Anti_Bilki:
Gaskiya ne. Ni har jaririyata 'yar wata uku nake ɗura wa ruwa in mun fita, don zafin ya yi yawa.

Nas_Hauwa:
@Anti_Bilki don Allah Yaya ki daina. Jaririn da bai kai wata shida ba nono kaɗai ya ishe shi ko da ana tsananin zafi, don mafi yawan nonon ruwa ne. Ruwan da kike ba ta yana cike mata ciki ta rage shan nono, yana iya kawo gudawa in ba shi da tsabta, kuma in ya yi yawa yana tsinka gishirin jininta. Ki ƙara yawan ba ta nono, ke kuma ki sha ruwa sosai. Kuma kada a sa ta a rana kai tsaye, kada a lulluɓe keken jarirai da zane mai kauri don a yi mata inuwa, zafi yake tarawa a ciki.

Anti_Bilki:
Innalillahi. Ban sani ba wallahi. Na gode ƙwarai, daga yau na bari.

Mai_Hangen_Sama:
Tunda zafin rana ne matsalar, me zai hana a fita da dare? Ba nisa, tsakar gida ko saman bene ko ƙofar gida. A shimfiɗa tabarma, a kashe fitilu, a ajiye waya. Ido yana ɗaukar kamar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma kallon allon waya sau ɗaya ya isa ya mayar da kai baya.

Ku fara da wata, shi ya fi sauƙi. Yaro ya zana siffarsa kowane dare a lokaci ɗaya. Zai lura da abu biyu: siffar tana canjawa, kuma kullum yana makarar fitowa da kusan minti 50. Zagayen gaba ɗaya kwana 29 da rabi ne, wato hutu ɗaya ya isa yaro ya bi shi daga jinjiri har ya cika har ya ɓace. In akwai madubin hangen nesa na hannu, ko ƙarami ne, a duba wata lokacin da yake rabi, a nan ramukansa suka fi fitowa saboda inuwa. In aka dace Mushtari (duniyar Jupiter) yana sama, da madubin mai ɗan ƙarfi da hannu marar rawa ana iya hango 'yan ɗigo a gefensa. Su ne manyan watanninsa huɗu da masanin taurari Galileo ya gani a 1610. Ɗana da ya gan su bai yi barci da wuri ba ranar.

Sannan wajen 12 da 13 ga Agusta kowace shekara ana samun yawan taurari masu wutsiyar wuta da suke gilmawa. Ba taurari ba ne, ƙura ce da tsakuwoyin da wani tauraro mai wutsiya ya bari a hanyarsa, duniya tana ratsa su suna ƙonewa a sama. Sun fi yawa bayan tsakar dare zuwa asuba.

Kakan_Biyar:
Madalla da wannan. A nuna musu Kaza da 'ya'yanta ma, da Zara matar wata. Yaran yanzu ba su san su ba.

Mai_Hangen_Sama:
Baba, Allah ya ƙara girma. Sai dai a Yuli da Agusta Kaza ba ta fitowa da farkon dare, sai can bayan tsakar dare, an fi ganinta gab da asuba ta gabas. Da farkon dare sai wajen Nuwamba zuwa Maris. Zara kuwa ba ta da tsayayyen wata, wani lokaci tana yamma bayan faɗuwar rana, wani lokaci tana gabas kafin fitowarta. Kuma ita ba tauraruwa ba ce, duniya ce kamar tamu, hasken rana take haskawa.

Kakan_Biyar:
To ka ga, ni ma na ƙaru. Masu tashi da asuba sai su nuna musu.

Ummu_Amira:
Mu nan hadari ne kullum yanzu, wane tauraro za mu gani? Ga sauro.

Baban_Tagwaye:
@Ummu_Amira ruwan ma abin fita ne. Bayan an ɗauke, mu kan fita da jiragen takarda mu saka a inda ruwa yake gudu a tsakar gida, a ga na wa zai riga. Kuma na koya musu auna nisan tsawa. Da ka ga walƙiya ka fara ƙirga daƙiƙa har ka ji ƙarar. Kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce, don sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, haske kuwa nan take yake isowa. Tun da suka koyi ƙirgawa suka daina ɓuya a bayan uwarsu.

Nas_Hauwa:
A ƙirga daga cikin ɗaki dai, Baban Tagwaye. In har ana jin tsawa to tana iya kaiwa inda kake. Kada a fake ƙarƙashin bishiya, kada a tsaya a fili, a jira minti 30 bayan ƙarar ƙarshe kafin a koma waje.

Baban_Tagwaye:
Daga taga muke yi, ranki ya daɗe.

Maman_Ikram:
Tunda an zo maganar ruwa, ina so in faɗi abin da ya same ni, ko wata za ta tsira da shi. Shekara biyu da suka wuce muka je bakin wani ƙaramin tafki da yamma, mu iyalai uku. Manya bakwai ne a wurin. Ruwan bakin bai kai gwiwata ba. Ikram tana da shekara biyu da rabi lokacin. Ina zuba wa yayanta ruwan sha, na ɗauka babanta yana kallonta, shi kuma ya ɗauka tana wurina. Da na juyo sai na hango rigarta a ruwa, fuskarta a ƙasa. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba, ko fantsama ruwa ba mu ji ba. Allah ya sa daƙiƙu ne, ƙanin mijina ya fizgo ta, ta yi tari ta amayar da ruwa, muka wuce asibiti aka duba ta. Ta warke sarai. Amma har yau in na tuna jikina rawa yake.

Abin da na koya, yawan manya ba tsaro ba ne, wani lokaci ma shi ne haɗarin, don kowa yana dogara da kowa. Yanzu duk inda muka je mai ruwa, mutum ɗaya ake ɗora wa kallon yara da sunansa, ba waya, ba hira. In zai tashi sai ya kira wani ya ce na miƙa maka, shi kuma ya amsa.

Uwar_Gida_Uku:
Subhanallah. Allah ya ƙara tsarewa. Na ji wannan har cikin raina.

Zee_Zee:
Shi ya sa nake saka wa nawa robar hannu mai iska, hankalina kwance.

Nas_Hauwa:
@Zee_Zee kada ya kwanta 'yar uwa. Robar nan abin wasa ce, tana saɓulewa, tana sacewa, kuma ba ta juyo da fuskar yaro sama in ya kife. Rigar ceto ta gaskiya daidai nauyin yaro ita ce kariya, ita ma ba ta maye gurbin ido. Abin da Maman Ikram ta faɗa haka yake, nutsewa shiru ake yinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara 5 ne. Kuma ba sai tafki ba. Bokiti, baho, randa, rijiyar da ba murfi, ruwan da bai kai tsawon yatsa ba ma ya isa ya nutsar da mai rarrafe. Maman Sadiq, autanki yana daidai shekarun da ya kamata a ce hannunki yana iya kai masa duk lokacin da yake kusa da ruwa. In kun yi wasan ruwa a baho a gida, ki zubar da shi nan take. Ko ba don nutsewa ba, ruwan da ya kwana mako ɗaya zuwa kwana goma ya isa sauro ya ƙyanƙyashe ya tashi.

Ɗaya kuma: kada a bar yaro a mota ko na minti biyar ne. Cikin minti goma zafin cikin mota a rufe yana iya ƙaruwa da kusan digiri 10, sauke gilashi kaɗan ba ya hanawa, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi.

Abu_Khairat:
Jama'a, an fara tsorata baiwar Allah. Ta zo neman inda za ta kai yara, yanzu an cika ta da tsawa da nutsewa. Mu koma kan tambayar. Ni ga nawa: ɗakin karatu na jama'a in akwai kusa, gidan tarihi, wurin masu sayar da shuke-shuke, da kuma kallon masu sana'a. Na kai Khairat da ƙaninta wurin wani kafinta da izininsa, suka tsaya nesa kaɗan suna kallo yana fere katako. Ya ba su guntaye, suka dawo gida suka wuni suna gini. Wata rana tashar jirgin ƙasa muka je, ba don tafiya ba, kallo kawai, suna ƙirga taragai.

Maman_Ikram:
@Abu_Khairat ba don in tsorata ta na faɗa ba Malam. Har yanzu muna zuwa bakin ruwa, kuma na sa Ikram koyon iyo. Gara ta ji daga bakina.

Abu_Khairat:
Haka ne Hajiya, ki yi haƙuri, ban nufi a yi shiru ba.

Uwar_Gida_Uku:
Wani abin da ba a taɓo ba: ina iyaye maza? Na ga Baban Tagwaye da Abu Khairat, Allah ya yi musu albarka, amma a gidaje da yawa uwa ce za ta shirya jaka, ta goya ƙarami, ta riƙe hannun na tsakiya, ta yi ta ƙwala wa babban kira. Ta dawo kuma girki yana jiranta. Wannan ba shaƙatawa ba ce. Maman Sadiq ta ce maigida bai samu hutu ba, na yarda, amma ba shi da yamma ɗaya a mako? Ya ɗauki manyan biyu su fita da keke, ita ta huta da auta.

Baban_Tagwaye:
Ba ki faɗi ƙarya ba Hajiya. Ni ma sai da tagwayen suka zo na ga ba yadda za ta yi ita kaɗai na fara. Yanzu ni na fi su ɗokin ranar. Maza 'yan uwana, awa ɗaya ce. In kun fita da keke a sa musu hular kwano, a ɗaure igiyar haɓar.

Mai_Keke:
Wasu aikinsu ba ya bari gaskiya. Ni sai bayan isha nake shigowa gida, kwana shida a mako. Ba ƙin yaran nake yi ba.

Mai_Hangen_Sama:
@Mai_Keke to kai ne na kallon wata ke nan, ɗan uwa. Minti goma sha biyar a ƙofar gida kafin su kwanta.

Mai_Keke:
Wannan kam zan iya.

Hajiya_Mairo:
Mu abin da ya taimake mu shi ne karɓa-karɓa. Gida huɗu ne a layinmu masu yara sa'anni. Kowace uwa tana da safiya ɗaya a mako da take ɗaukar yaran duka, ita da wata babbar yarinya mai taimaka mata, sauran ukun su samu sararin aikinsu. Dokokinmu kaɗan ne. Ana ƙirga yara kafin a fita, a ƙirga in an isa, a ƙirga kafin a juyo. Kowane yaro ya haddace lambar wayar uwarsa, wanda bai iya ba a rubuta a takarda a sa masa a aljihu. Kuma mun koya musu in ka ɓace ka tsaya inda kake, kada ka yi ta yawon nema, in za ka nemi taimako ka nemi mace mai yara ko ma'aikacin wurin. Mun taɓa ɓatar da ɗaya na kusan minti goma a wurin shaƙatawa, dokar tsayawa wuri ɗaya ce ta sa muka same shi, yana tsaye jikin bencin da muka bari yana hawaye amma bai gusa ba.

Maman_Nur:
Don Allah masu shirya irin wannan ku riƙa tunawa da irin nawa. Ɗana yana da lalurar galahanga (autism), hayaniya da cunkoso suna rikita shi. Sau da yawa maƙwabta suna fita ba sa gayyatarmu, suna ganin kamar sauƙi suka yi mana. Mu ma muna so. Abin da yake mana aiki shi ne zuwa da wuri kafin mutane su taru, wuri ɗaya da ya saba, kuma in gaya masa tun dare inda za mu je da lokacin da za mu dawo. Shawarar Malama ta bin hanya ɗaya kamar don shi aka yi ta.

Hajiya_Mairo:
Maman Nur kin tunatar da mu abin da muka yi sakaci da shi. Akwai irinsa a layinmu kuma ba mu taɓa tambayar uwarsa ba. Yau zan shiga wurinta.

MalamarFiramare:
Ƙari ɗaya don Sadiq, tunda ɗan shekara goma yana saurin raina wasan ƙanana. Ki ba shi sanda ya kafa a tsaye a inda rana take bugawa, ya riƙa sa dutse a ƙarshen inuwar kowace awa. Ba sai ya zauna a rana ba, ya fito ya sa ya koma. Zai ga inuwar tana gajarcewa har ta kai iyaka sannan ta fara tsawo ta ɗaya ɓangaren, kuma gobe duwatsun za su gaya masa lokaci ba agogo. Sai ki ba shi labarin Eratosthenes, masanin da ya zauna a Iskandariyya ta Masar fiye da shekara 2,200 da suka wuce. Ya ji cewa a wani gari can kudu, inda Aswan take yanzu, akwai ranar da rana take tsayawa daidai ka har inuwa ta ɓace, alhali a Iskandariyya a ranar akwai 'yar inuwa ta kusan digiri 7. Da wannan bambancin da nisan garuruwan biyu ya lissafa faɗin kewayen duniya, kuma bai yi nisa da gaskiya ba. Yara maza da mata duka suna son jin cewa sanda ta auna duniya.

Ƙanwar kuma ki ba ta ƙwayar iri ta sa a kofi mai haske da auduga mai laima, ta jingina ta da jikin kofin. Cikin 'yan kwanaki za ta ga saiwa ce take fara fitowa ta yi ƙasa, kafin ganye.

Dan_Auta92:
Wannan na sandar ni ma sai na gwada.

Maman_Sadiq:
Na dawo da rahoto. Jiya da safe ƙarfe bakwai muka bi hanyar bayan gidanmu, na goya auta. Tafiyar minti ashirin ta zama ta awa ɗaya da kwata, don Husna ta tsuguna gaban layin tururuwa ta ƙi tashi sai ta ga inda suke kai abin da suka ɗauko. Sadiq da farko yana ta ɓata rai wai wannan ba fita ba ce, amma ya samu taku 640 zuwa kwana, ya ce gobe zai sake don ya tabbatar. Da muka dawo an ɗan yi rigimar waya, ba zan ɓoye ba, sai dai ba kamar kullum ba, kuma auta ya yi barcin awa biyu. Na nuna wa babansu maganar Uwar Gida Uku, ya yi shiru, daga baya ya ce ranar Asabar zai duba tayar keken Sadiq. Bokitan bayan gida duk na kife su.

Maman Nur, in da muna kusa da mun bi hanyar tare.

Tambaya ɗaya: Husna ta ga wani abu mai ƙafafu da yawa ƙwarai ƙarƙashin dutse, ta kasa ƙirgawa, da na taɓa shi da tsinke sai ya naɗe. Ta ce a wane shafi za ta sa shi, na masu shida ko na masu takwas?

MalamarFiramare:
Ƙadandoniya ce ta gani. Ki ce ta buɗe sabon shafi. Amma ki gaya mata dutse da tsinke ake ɗaga shi, ba da hannu ba, don wani lokaci kunama ce a ƙasa, ita kuma a shafin masu takwas take.

Ummu_Amira:
Mu yau ma hadari ne. Wa yake da dabarar ranar da ba a iya fita kwata-kwata?